Abin da gonar unguwa ta koya mini

Tunda na ajiye aikin kula da gonar, yanzu zan iya magana. Waɗanda suka shigo daga baya sun tarar da shuka kore shar, ga tankin ruwa ga shinge, sai su ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Juji ne. Da hannu muka tsince fasassun kwalabe da leda, muka yi ta jibga taki har ƙasar ta karɓi iri. Da 'yan gidaje ƙalilan aka fara, aka wayi gari sai an rubuta suna a littafi ana jiran a samu gurbi.

Mai filin da baki ya ba mu aro, kuma nan gizo ke saƙa. Tun gonar tana ƙarama na dami shugaban kwamiti a yi takardar haya, ko ta shekara goma ce, da sa hannun shaidu. Ya ce ina neman haɗa mu faɗa da mutumin kirki. Na kawo masa labarin gonar South Central ta Los Angeles a Amurka: eka 14, iyalai kusan 350 suna nomawa tun 1994, hukumar birni ta sayar da filin a 2003, a 2006 aka fitar da su da ƙarfi, katafila ta bi ta kan shukar. Ya yi dariya a gaban jama'a, wai karance-karance sun yi mini yawa. Daga ranar aka daina kirana zama, sai in masu ba da tallafi za su zo, a ce in share hanya in koma gefe kafin a ɗauki hoto.

Da mai filin ya rasu, magada suka zo da mai awo. Rabin gonar ya tafi, har da ramin takin da muka fi shan wahala a kansa. A taron da ya biyo baya, shugaba ya ce ba wanda ya taɓa ankarar da shi. Littafin taro yana kan cinyata, ban buɗe ba. Kowa a wurin ya sani.

Sauran darussan ba su da tsawo. A kai ƙasa gwaji kafin a shuka komai, domin ƙasar birni kan ƙunshi gubar dalma daga tsohon fenti da hayaƙin motocin zamanin da ake sa dalma a fetur. A nemi ruwa kafin iri. 'Yan sa-kai kuwa ranar cire ciyawa ake ƙirga su, ba ranar girbi ba.

Ga wanda zai gaje ni: takardar hayar da na tsara tana nan a durowar ƙasa, ta isa ta kare rabin da ya rage, in shugaba ya ga dama ya sa hannu.