Lambar da ta rabu da tulunta

Laraba. Kwana na huɗu ke nan da fara kwashe kaya daga babban zauren gidan adana kayan tarihi saboda za a gyara rufinsa, kuma har yanzu bayan isha'i wata 'yar takarda da ba ta kai tsawon yatsa ba ce ta tsaya mini a rai.

Safiyar dai lafiya lau. Hajiya ta zo mana da masa daga Wunti, da zafinta. Kafinta ya kawo akwatuna shida, ya yi musu ƙafa santimita 10 daga ƙasa kamar yadda aka ce, saboda gara da ruwa in ya malalo. Sai dai warin fenti bai fita ba, don haka suna baranda a buɗe. Tururin sabon fenti da na katako yana cin dalma da tagulla, ba za a rufe takobi ko likkafa a ciki ba tukuna.

Zane 14 muka sauke daga bango. Mutum biyu kowane ɗaya, a tsaye, hannu ɗaya a ƙasan firam ɗaya a gefe. A jingina su fuska da fuska, baya da baya, da kwali a tsakani. Ledar nan mai ƙwayoyin iska ba ta taɓa fuskar zane, in zafi ya buga sai shatin ƙwayoyin ya fito a jikin fentin. Rigunan saƙi kuwa, takarda mara asid a cikin kowane ninki don kada zaren ya karye a nan. Mai shunin ita kaɗai a kwalinta, tana zuba. Naɗi da jarida an hana shi gaba ɗaya.

Bayan azahar ne yaron da ke shara ya tsinci takardar a ƙarƙashin kanta ta uku, da guntun zare a jikinta. Lambar rajista ce. Tukwane 23 muka kwashe jiya daga wannan kantar. Muka koma sito muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga tuluna biyu babu lamba a wuyansu. Takarda ɗaya, tulu biyu.

Na buɗe rajista. Abin da aka rubuta kaɗan ne: tulu, yumɓu, tsawo santimita 34, Tula, Jihar Bauchi. Ka ga ke nan ya shigo ne tsakanin 1976 da aka ƙirƙiri jihar da 1996 da aka fitar da Gombe, tunda Tula yanzu tana can ƙasar Kaltungo a Jihar Gombe. Babu hoto, babu bayanin adon jiki. Muka sa awo. Ɗaya 34 cif. Ɗayan 33 da rabi, amma bakinsa ya ɓantare, wato shi ma zai iya zama 34 ranar da aka auna shi.

Aka kira Baba, dattijon da ya daɗe yana kula da kayan zauren. Ya durƙusa, ya sa hannu biyu a gindin na biyun, bai kama baki ba, ya juya shi a hankali. Ya ce, "Wannan ne, Malam. Mai zane uku a wuya. Shi ne kullum a ɓangaren taga."

Na ce, "Baba, na yarda da kai, amma ba zan ɗaura ba."

Ya ɗago ya dube ni. "To don me aka kira ni?"

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. In aka ɗaura lambar nan a kan abin da mutum ya tuna kawai, daga gobe ta zama gaskiya, babu mai sake tambaya. Wata rana ɗalibi zai zo daga jami'a ya rubuta cewa haka maginan tukwane na Tula suke yi wa wuyan tulu ado, alhali wataƙila daga Dass ko Ningi aka kawo shi. Tulun da ya fashe ana iya haɗa shi, kowa kuma yana ganin tabon. Wanda aka ba asalin wani ba ya nuna tabo ko kaɗan.

Baba ya yi shiru, can ya ce, "Ni da na tsufa ina goge masa ƙura, ban kai takarda ba ke nan." Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya fita.

Maganar nan ta soke ni, don ba abin da nake nufi ba ne. Abin da muka yi a ƙarshe shi ne, kowane tulu ya sami lambar wucin gadi. Takardar ta shiga 'yar leda tare da bayanin inda aka tsince ta da lokacin, da fensir. An ɗauki hoton kowanne ta fuska huɗu da gindi, da rula a gefe. Shaidar Baba ma na rubuta ta da kalmominsa, da sunansa da kwanan wata, na sa a fayil. Shaida ce mai nauyi, ita ce ma mafi nauyin abin da muke da shi yanzu. Da na faɗi wannan tun farko, kafin in ce ba zan ɗaura ba.

Laifin na zare ne. Ya ruɓe a wuyan tulun shekara da shekaru, ɗagawa ɗaya ya tsinke. Salatif ma haka, hunturu biyu uku ya bushe ya faɗi ya bar tabo. Abin da ya kamata tun can shi ne a shafa ɗan Paraloid B-72, wani ruwan gam mara launi, a gindin tukunya, ya bushe, a rubuta lamba a kai, a sake shafawa a rufe. Takardar wuya ta zama ƙari kawai. Daga gobe babu abin da zai bar kanta sai mutum ɗaya ya karanta lambarsa da ƙarfi, na biyu ya duba rajista ya yi maki, sannan a rubuta lambar akwati da kantar da zai sauka a sito. Zai rage mana gudu sosai, ga ɗan kwangila yana son yaye kwano ranar Litinin don ya gama kafin damina.

Ma'aunin laimar iska ya nuna kashi 17 cikin ɗari da la'asar, iska ta bushe ƙwarai. Ƙorai da fatar ganguna ne abin tsoro, an naɗe su an rufe don kada su tsage. Wata kujera tana zubar da sabon garin itace, alamar ƙwaro na ciki da rai. An ɗaure ta a leda an ware ta. Firiza take buƙata, mako guda a digiri 20 ƙasa da sifili, wutar kuwa ba ta tsayawa.

Ɗaya daga cikin tulunan nan biyu dai ba shi da takarda ko guda, ko a ƙasa ba mu tsinta ba. Gobe zan zazzage tsofaffin katunan da ke durowar ofis, ko wani ya taɓa zana wuyansa. Amma sai na fara biyawa na gaida Baba.