Na duba shafina na Google Scholar jiya da daddare

Fom ɗin ƙarin girma a wurin aiki ne ya sa na leƙa Google Scholar, shafin intanet da ke ƙidaya ambaton takardun bincike, don suna son a rubuta sau nawa wasu masu bincike suka ambaci takardun mutum. Takardar da na fi shan wahala a kanta, wadda muka haska jini da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, muna karanta yadda sinadaran cikinsa ke shanye hasken, ambatonta bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Wata kuwa, bitar ayyukan wasu ce kawai na tattara, ita ce ke ɗauke da ni. Abin dariya, abin haushi.

Ma'aunin nan na h-index da shafin ke nunawa, wanda masanin kimiyya Jorge Hirsch ya kawo a 2005, ƙidaya ce zalla: idan kana da takardu goma da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, lambarka goma. Bai damu da ko an ambace ka don yabo ko don a ce ka yi kuskure ba. Kuma fanninmu ƙarami ne, rabinsa likitoci, rabinsa masana kimiyyar haske, kowa na karanta mujallun gidansu.

Sai Takuo Aoyagi, wani injiniya ɗan Japan, ya faɗo min a rai. A 1974 ya gabatar da dabarar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa a auna iskar oksijin a jini, da harshen Japan. Shekaru suka shuɗe kafin Turai da Amurka su san sunansa, alhali na'urar ta cika ɗakunan tiyata.

Na dai cike fom ɗin, na rubuta lambar yadda take, na miƙa yau da safe.