Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Kasuwannin Osaka da Abincinsu

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a inda babban yarona da matarsa suka tarbe ni a filin jirgin Kansai da ke kusa da birnin Osaka, a ƙasar Japan. Ina warware gajiya na ce a kai ni kasuwa, domin ƙanne da jikoki da maƙwabta duk sun sa ran tsaraba.

Surukata ta fara kai ni Shinsaibashi, wani dogon layi mai rufi, kamar mita 600, kantuna hagu da dama. Can ba a taya kaya, abin da aka manna shi ne kuɗinsa. Ba a kuma miƙa kuɗi hannu da hannu. Akwai ɗan faranti a gaban mai kanti, nan ake ajiyewa, shi kuma ya ƙirga canji kina kallo. Harajin sayayya kashi 10 cikin ɗari ne, amma a lokacin ana yafe wa baƙon da ya sayi kayan yen 5,000 zuwa sama a kanti ɗaya. Shi ya sa kullum za mu fita sai ta ce, "Umma, kin ɗauko fasfo?" Tarkacen yara kuwa a kantin Daiso na kwaso, inda akasarin kaya yen 100 ne kafin haraji.

Inda na daɗe shi ne Doguyasuji, layin kayan girki. Wuƙa nake so, irin ta Sakai, garin maƙera da ke kudu da Osaka, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙera wuƙaƙe. Na nuna wata mai tsada. Dattijon mai shagon bai ɗauko ba, sai ya shiga yi mini tambayoyi ta bakin surukata: nama na fi yankawa ko kifi? Da dama nake aiki ko da hagu? Ashe wasu wuƙaƙensu gefe ɗaya ake wasawa, ta na-dama ba ta yi wa bahago. Da ya ji gidana gidan yawa ne, kowa ɗauka yake, sai ya ce waccan ba ta dace da ni ba, ƙarfenta tsatsa yake in aka bar shi da laima. Ya miƙo mini wata da ba ta kai rabin kuɗinta ba. Na yi shekaru ina saye da sayarwa, na san nauyin barin riba a kan gaskiya, kuma wallahi mutumin nan ya shiga raina.

Abinci ne ya fi ba ni aiki. Da daddare muka je Dotonbori, bakin wata mashigar ruwa da fitilun talla suka haske kamar rana, ƙamshi ta ko'ina. Abin da garin ya yi suna a kai shi ne takoyaki. Kaskonsa sak tandar masa: a zuba ƙullu a ramuka, a jefa gutsuren wata halittar teku mai hannaye takwas, a riƙa juyawa da tsinke har ya dunƙule. Naman teku halas ne, ba a nan damuwar take ba. Damuwar tana cikin abin da ido ba ya gani. Suna girki da mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, da wata giyar shinkafar kuma da suke kira "sake". Romon taliyarsu ta ramen sau da yawa na ƙashin alade ne. Wainar kabejin da suke kira okonomiyaki ma da naman alade aka saba yi.

Yarona yana da wata 'yar takarda da ya rubuta da Japananci cewa ba ma cin alade, ba ma cin abin da giya ta taɓa. Ya nuna wa matashin mai suyar takoyaki. Ga layi a bayanmu, amma yaron nan ya ajiye tsinke, ya juya gorar miyar da suke shafawa, ya bi rubutun da yatsa, sannan ya giciye hannayensa biyu, alamar a'a. Ƙullun ma ya ce ba zai iya ba mu tabbaci ba. Ya sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Da ya ce mana "ba komai", yaya za a yi mu sani?

Muka ƙare a wani ɗan shago mai takardar shaidar halas a bango, na ci ramen da romon kaza. Kafin a kawo abinci sai da aka ba mu tawul mai ɗumi na goge hannu, ruwan sha kyauta, kuma ba a barin wa mai hidima ko sisi a kan kuɗin abinci. Da na ga riɗi barbaɗe a kan kwanon, yarona ya ce, "Umma, wataƙila namu ne," domin Najeriya na cikin manyan masu sayar wa Japan riɗi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin Juma'ar da muka yi a Kobe, a masallacin da aka gina tun 1935.