Yadda na sauya shakazobar bayan kekena na hawan dutse

Shakazobar da ta zo da keken ba ta lalace ba, gajiya kawai take yi. Idan gangara ta yi tsawo kuma ga gargada, man da ke cikinta sai ya yi zafi ya tsinke, bayan keken ya fara tsalle ba tsari. Shi ya sa na nemi irin mai ɗan tulu a gefe, wadda ke ɗaukar mai da yawa, ba ta saurin zafi.

Kafin a kai ga zancen kamfanin da ya ƙera ta, Fox ko RockShox, awo ne kan gaba. Lambobi biyu ake dubawa: tsawonta daga ido zuwa ido, wato ramukan nan biyu da ake ɗaure ta, da kuma iyakar nitsewarta. Tawa 210x55 ce, a milimita. Akwai 210x50 ma, tsawonsu ɗaya, za ta shiga firam lafiya lau, amma ba abu ɗaya ba ne. Wanda ya sa mai nitsewa fiye da yadda aka tsara wa kekensa, taya na iya dukan firam ranar da ya diro da ƙarfi. Ga kuma bushin da notin da ke riƙe ta. Faɗinsu da kaurinsu sun bambanta daga keke zuwa keke, kuma sau da yawa daban ake sayensu.

Na so in koma mai sifirin ƙarfe, don ba abin da ya kai ta laushi a kan ƙananan duwatsu. Sai dai sifirin ba ya ƙara tauri can ƙarshe yadda iska ke yi, firam ɗin ne zai ɗauki wannan aikin, nawa kuwa ba a ƙera shi haka ba. Na tsaya kan mai iska.

Ɗaurawa ba ta da wuya. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne, bayan na ɗaure notin daidai ƙarfin da kamfani ya rubuta, na sace iskar gaba ɗaya, na danne sirdi a hankali har ƙasa ina leƙawa. Tulun ya wuce gorar ruwa da ƙyar, tazarar ba ta fi kaurin yatsa ba.

Saiti shi ne aikin. Da ƙaramin famfonta ake hura ta, kaɗan-kaɗan, ana tsayawa ana danna keken don iskar ta ratsa ɗakunan iska biyu da ke cikinta, in ba haka ba awon ƙarya za ka samu. Sannan na sa duk kayan da nake hawa da su, har jakar baya, na hau, na sauka a hankali, na auna inda zoben robar da ke jikinta, mai nuna yawan nitsewa, ya tsaya. Kashi 30 cikin ɗari na iyakar nitsewarta nake nema, wato kimanin milimita 16.

Maɓallin da ke saita saurin dawowarta shi ya fi cin lokaci. In ta yi saurin dawowa za ta cilla ka gaba. In ta yi nawa, kafin ta miƙe wani dutsen ya iso, sai ta yi ta dunƙulewa har ta koma tauri. Hanya ɗaya na riƙa maimaitawa, ina murɗa shi ƙyas ɗaya kowane zagaye, ban taɓa komai ba sai shi. Mutane kan murɗe komai lokaci guda, su dawo suna zagin shakazoba.

Yanzu tayar baya na manne da ƙasa a kwana, birki ma ya fi kamawa. A hawan tudu kam ban ji wani bambanci ba, illa ɗan nauyin da ya ƙaru.