Zomayenmu sun shiga sati na 7, sikeli ya fara tayar mana da hankali

Salam 'yan uwa masu koyon kiwon zomo irina. Kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne ya sha kaina, yau dai bari in faɗa muku inda muka kwana.

Ga wanda bai san farkon zancen ba, yarona ne ya shiga ƙungiyar yara ta 4-H a nan Amurka ya ce shi zomo zai kai gasar baje kolin gundumarmu, ni kuma na ce toh tunda dai sai an sayi keji an sayi abinci ai gara mu yi kiwon da gaske, waɗanda suka rage bayan gasa mu sayar. Ɓangaren zomayen nama ya shiga. Guda 3 ake kaiwa, jinsi ɗaya kala ɗaya, kada su wuce sati 10 da haihuwa, kowanne nauyinsa tsakanin fam 3.5 da 5.5, wajen kilo 1.6 zuwa 2.5 kenan. Ɗaya ya haura ko ya gaza, duka ukun ake cirewa.

Shi ya sa tun farko da kalanda muka fara. Cikin zomanya kwana 31 ne, ka haɗa da kwana 70 ya zama 101, sai ka ƙirga baya daga ranar gasa. Mu ana saura kwana 99 gasa muka yi barbara saboda wata takan haihu a kwana 30, ka ga da mun yi daidai wa daida da sai 'ya'yan su zarce shekarun gasa da kwana ɗaya tal, haushi ya kashe mutum. Kuma macen ake ɗauka a kai kejin namiji, idan ka kai shi nata sai ta hau shi da faɗa don ba ta son baƙo a ɗakinta. In ka ga ya faɗi gefe guda da ɗan ƙara to an gama.

Mata 3 muka haɗa rana ɗaya, duk jinsin New Zealand farare. Da na ga kamar ɓarna ce, ashe ita ta cece mu. A kwana 13 na lalubi cikinsu a hankali, biyu na ji 'yan ƙulalai kamar inabi, ta ukun fayau ba komai. Kwana 28 muka sa akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa, suka tsige gashin ƙirjinsu suka yi shimfiɗa. Ɗaya ta zubo 11, ɗayar 5 kacal. Goma sha ɗaya sun yi wa uwa ɗaya yawa, kuma zomanya sau ɗaya ko biyu take shayarwa a rana, na 'yan mintuna, wanda bai samu nono ba sai dai ya jira gobe. Washegari muka ɗebi 3 muka kai wa mai 5 ɗin, muka sa musu alama da alƙalamin maka a kunne, kowa ta tashi da 8. Wadda aka kai wa ɗin ba ta ko kula ba wlh. Da kwanakin haihuwarsu sun yi nisa da juna da hakan bai yiwu ba.

Ido ya buɗe wajen kwana 10, mun yaye su a ƙarshen sati na 5, guda ɗaya muka rasa.

Yanzu duk Lahadi muna ɗora su a sikeli yaron yana rubutawa a littafi, kuma a nan rigimar take. Akwai wani ƙato da ya fi so, har suna ya raɗa masa, jiya fam 4.3 ya yi alhali sauran suna tsakanin 3.2 da 3.6. Yadda yake ƙara fiye da rabin fam duk sati, kafin sati na 10 ya wuce 5.5 ba makawa. Yaro ya ce a rage masa abinci, na ce a'a, zomon da aka horar da yunwa jikinsa saki yake yi kuma alƙali da hannu yake shafa baya da cinya, zai gane. Makin ma a ƙa'idar ARBA, ƙungiyar masu kiwon zomo ta Amurka, 40 ne na ƙirar nama, 30 na ƙoshin jiki, 20 na kamannin ukun da juna, gashi 10 kawai. Uku ake nema masu kama da an buga su a inji ɗaya, ƙaton nan kuwa ko yanzu ka ajiye shi kusa da 'yan uwansa kamar yayansu. Mun dai ware guda 6 da nauyinsu ya yi kusa, a ciki za mu tace, shi kuma ya koma layin na sayarwa, ko in ƙirarsa ta ci gaba da kyau mu bar shi uban garke. Da wannan na lallashi yaron.

Abin da ke damuna yanzu zafi ne, don in ya haura digiri 30 ya daɗe namiji kan daina ba da ciki na tsawon makonni, ga shi ina so in sake barbara don na kasuwa. Na cika firiza da robobin ruwa, da azahar nake jefa musu a keji su kwanta a jiki. Sati mai zuwa za mu buga musu lamba a kunnen hagu, ban taɓa riƙe abin bugawar ba, dan Allah wanda ya saba ya faɗa min yadda ake riƙe kan zomon kada ya fizge.