Kiran waya kafin sigina: abin da aikin bakin iyaka ya koya mini

A shekarun da na yi a sashen binciken laifuka na wani ofishin 'yan sanda da ke kusa da iyakar Nijar, a jihar Katsina, rabin aikina isar da labari ne, ba kamu ba. An sace babur, an kora shanu, an ga baƙuwar fuska a tasha: wa ya kamata ya ji, kuma cikin minti nawa?

A ƙa'ida sigina ake rubutawa, wato rubutaccen saƙon da 'yan sanda ke aika wa juna a hukumance. DPO ya sa hannu, ta hau zuwa hedikwatar jiha, daga can a watsa wa sauran ofisoshi. In abin ya tsallaka ƙasa, sai a bi ta ofishin Interpol, wato 'yan sandan ƙasa da ƙasa, na Abuja, shi kuma ya tuntuɓi na Yamai. Alƙali takarda yake so, don haka ba a raina wannan hanya. Sai dai daga Jibiya zuwa Maraɗi, ta Ɗan Issa, tafiyar kusan sa'a guda ce a mota, masu babur kuwa ba sa ma bin kwalta. Kafin takarda ta bar teburin farko, an riga an kwance lambar babur an sayar da shi.

Shi ya sa muke fara kiran waya, takarda ta biyo baya. Ina da lambobin jandarmomi da 'yan sandan tsallake, su ma suna da tawa. Takardunsu da Faransanci, namu da Turanci, amma a waya Hausa muke yi. "Ranka ya daɗe, ga wasu shanu sun nufo ku," ya riga ya gane sauran.

Kiran ma sai da ƙwarewa. In ka ce an sace jan babur, ba ka faɗi komai ba, jajayen babura sun cika gari. Lambar shasi da ta inji ake nema, don lambar rajista kowa na iya sauya ta. Yawancin masu kawo ƙara ba su san nasu ba, rasiɗin ma ya ɓace, sai mu tura su wurin dilan da ya sayar musu. Shanu kuwa makiyayi ya fi kowa iya siffanta su: launi, yadda ƙaho ya lanƙwasa, tsagar kunne, shaidar wuta a cinya. Nakan rubuta yadda ya faɗa kalma da kalma, in karanta wa na tsallake, shi kuma ya kai wa dillalan kara. Su ne ke gane saniyar da ta zo da farashin da bai dace da ita ba.

Akwai na'urori, ba a ce babu ba. Interpol na da rumbun bayanan motocin sata, kuma tun 2012 aka fara shirin WAPIS da kuɗin Tarayyar Turai, don 'yan sandan Afirka ta Yamma su daina dogaro da fayil na takarda. Nijar na cikin ƙasashe huɗu na farko, tare da Benin, Ghana da Mali. Amma kwamfuta abin da aka shigar mata take bayarwa. Ƙarar da ta tsaya a littafin shigar da ƙara na ofishin 'yan sandan ƙauye, babu wanda zai gan ta a Abuja.

Abin da ya fi ba ni wahala a cikin gida yake. Ga mu, ga soja, ga Sibil Difens, ga kwastan da jami'an shige da fice, ga 'yan sintiri, kowa na riƙe da guntun labari, kowa kuma na son a ce shi ya yi kamu a gaban 'yan jarida. Maganin da na samu mai arha ne: wanda ya ba ka labari, koma ka gaya masa yadda aka ƙare, ka sa sunan hukumarsa a rahoto. Wanda aka manta da shi sau ɗaya, gobe wayarka za ta yi ta ƙara bai ɗauka ba.

Wani ɓoyon kuma yana da hujja. 'Yan bindiga na da infoma, kuma zauren WhatsApp mai mutum da yawa kasuwa ce. Don haka labarin nake bayarwa, sunan wanda ya kawo shi ya tsaya a cikina. Ko maigidana ya tambaya, sai in ce, "Yallaɓai, majiya ce mai tushe." Mai unguwar da aka gane shi ya tsegunta, ransa ne a kai.

A Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, mun koma ga oba-oba da aiken ɗan babur, labarin ƙauye yana iso mana bayan ya huce. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, hulɗar hukuma ta yi sanyi. Ɓarayi ba su daina tsallakawa ba. Abin da ya rage mana a lokacin shi ne tsofaffin lambobin nan, da mutanen da muka taɓa mayar wa da dabbobinsu.