Hular da Ke Ƙarewa a Cikin Jaka

Ɗan ƙanwata zabiya ne, yana aji huɗu na firamare, kuma kullum da safe mahaifiyarsa takan shafa masa man kare fata daga rana, ta sa masa hula mai faɗin baki kafin ya fita. Sai daga baya muka gano cewa da zarar ya bar layinsu yakan cire hular ya cusa a jaka, saboda 'yan ajinsu suna yi masa dariya. Na zaunar da shi na yi masa bayanin ciwon dajin fata, ya saurare ni cikin ladabi, amma na fahimci cewa cutar da ake cewa za ta iya zuwa bayan shekaru masu yawa ba ta tsorata yaro kamar tsokanar da ke jiransa yau a lokacin tara.

Haɗarin kuwa na gaske ne. Fatar zabiya ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke tare hasken rana mai cutarwa, don haka kowace ƙuna da ya samu tun yana ƙarami tana taruwa, har wata rana ta zama gyambon da ba ya warkewa a kunne, leɓe ko wuya. Rana ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, wato daidai lokacin wasa da lokacin tashi.

Ostireliya, wadda ke cikin ƙasashen da ciwon dajin fata ya fi addaba a duniya, ta fara gangamin wayar da kai a 1981, sannan shirin SunSmart na kare fata daga rana ya biyo baya a jihar Victoria a 1988. Abin da ya fi burge ni shi ne dokar da makarantun firamare da yawa suka ɗauka, cewa wanda bai sa hula ba sai ya zauna a inuwa. Tun da kowa ke sa hula, babu wanda za a nuna da yatsa.

Ba na tsammanin makarantunmu za su tilasta wa kowane yaro hula, amma malami yana da iko ya tsawata wa masu tsokana, ya yarda zabiya ya sa riga mai dogon hannu, ya kuma daina tsayar da shi a rana da sunan horo. Mun kai wa malamin ajinsu waɗannan buƙatu uku, ya kuma karɓe su hannu bibbiyu.